Tara ga mai POS, sulhu ga mai tiriliyan: zare a kan hukuncin ƙin biyan haraji

1/ Zare 🧵, kuma mai tsawo ne, ku gyara zama. Magana ce a kan hukuncin ƙin biyan haraji da ɓoye kuɗin shiga, a ƙarƙashin sabuwar dokar da ta fara aiki 1 ga Janairun 2026. Matsayata tun daga farko: ina goyon bayan a hukunta ɓarawon haraji. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara da mai POS, a kuma ƙare a kan mai POS.

2/ Ranar 26 ga Yunin 2025 Tinubu ya sa hannu a dokoki huɗu na haraji. FIRS ta koma NRS. Kowa ya zuba ido a kan "nawa zan biya?", amma ɗaya daga cikin huɗun, dokar gudanar da haraji, ita ce ke ɗauke da bulalar. Ita ce kuma yawancinmu ba mu leƙa ba.

3/ Hukuncin iri biyu ne, a riƙe wannan. Na farko tara ce da hukuma ke lafta maka da kanta, ba sai an je gaban alƙali ba: ka makara, ka ƙi yin rajista, ka ƙi ajiye lissafi. Na biyu shi ne laifin da ake gurfanar da kai a kotu, wanda zai iya kai ka gidan yari: ƙarya da gangan, takardun bogi, cinye harajin da ka cire daga kuɗin wasu.

4/ Ga taran. Ba ka yi rajista ba alhali ya kamata ka yi: ₦50,000 watan farko, ₦25,000 kowane wata bayansa. Ba ka cike fom ɗin bayyana kuɗin shigarka ba: ₦100,000 watan farko, ₦50,000 kowane wata bayansa. Ba ka ajiye littafin lissafi ba: ₦10,000 in mutum ne, ₦50,000 in kamfani ne.

5/ Ga na kotu. Ka shirga ƙarya a bayanin da ka ba hukuma: tara har ₦1,000,000, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko a haɗa maka biyun. Ka cire haraji daga albashin ma'aikatanka ka ƙi miƙawa: za ka biya kuɗin, da kashi 10 cikin 100 a kai, da kuɗin ruwa, kuma shi ma akwai ɗauri a bayansa.

6/ Yanzu mu ɗauko kalkuleta. Tela ce a unguwa, ribarta ₦100,000 a wata, ₦1,200,000 ke nan a shekara. ₦800,000 na farko babu haraji a kai. Ragowar ₦400,000 a ɗauki kashi 15: ₦60,000 a shekara guda, tun kafin ma a rage mata rangwamen kuɗin haya.

7/ To ta makara wata ɗaya ba ta cike fom ba. Tara ₦100,000. Wato taran wata guda ya fi harajinta na shekara gaba ɗaya. In ta kwashe wata 12 ba ta sani ba, ₦650,000. Harajin dubu sittin ya haifi bashin da ya ninka shi fiye da sau goma. Haba!

8/ Wannan ₦100,000 ɗin fa ita ce dai za a ce mai jirgin sama na kansa ya biya in ya makara. A wurinsa kuɗin man janareto ne na rana ɗaya. A wurin mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ₦70,000, ta fi albashin wata. Doka ɗaya, adadi ɗaya, amma wani ko gezau, wani kuma an karya shi.

9/ A Finland ana auna tara da abin da mutum ke samu a rana, shi ya sa attajiri ke biyan maƙudan kuɗi a kan gudun wuce sa'a da mota. Ba sihiri ba ne, lissafi ne. Masu rubuta mana doka sun san da wannan. Sun zaɓi adadi ɗaya ga kowa ne, kuma kowa ya san wanda adadi ɗaya ke yi wa daɗi.

10/ Za a ce min: ai dokar ta sauƙaƙa wa talaka, ta cire masa haraji a kan ₦800,000 na farko. Gaskiya ne, kuma na yaba. Amma me ye amfanin ka yafe min dubu sittin da hannun dama, ka ɗana min tarkon dubu ɗari shida da hamsin da hannun hagu, ba ka kuma yi min bayani da harshen da nake ji ba?

11/ Mu koma sama, wurin manya. A 2017, da Osinbajo ke ƙaddamar da shirin VAIDS yana muƙaddashin shugaban ƙasa, gwamnati da bakinta ta ce mutum 214 ne kacal a duk Najeriya ke biyan harajin ₦20,000,000 ko fiye a shekara. Kuma dukkansu a Legas suke.

12/ Ku sake karanta na 11. Ko mutum ɗaya babu daga Kano. Babu daga Kaduna, babu daga Abuja, babu daga Fatakwal. Ku tuna gidajen Maitama da Asokoro da Nasarawa GRA. Ku tuna bukukuwan da ake liƙi da dala. A takardar haraji duk waɗannan bayin Allah talakawa ne.

13/ Me aka yi musu? VAIDS: ku zo ku faɗi gaskiya da kanku, za a yafe muku tara da kuɗin ruwa, ba za a kai ku kotu ba. Aka ba su wata tara daga Yulin 2017, da wa'adi ya cika aka ƙara musu wata uku zuwa ƙarshen Yunin 2018. Aka yi ta barazanar cewa duk wanda ya ƙi zai ɗanɗana kuɗarsa.

14/ Wa'adi ya wuce shekara da shekaru. To ku taimake ni a ƙasan wannan zaren: ku rubuto sunan babban attajiri ko babban ɗan siyasa guda ɗaya da ya kwana a Kuje ko Kirikiri saboda haraji. Guda ɗaya tak. Ina jira.

15/ A 2016 takardun Panama suka fito, a 2021 na Pandora. Jaridar Premium Times ta wallafa sunayen 'yan siyasa da 'yan kasuwar Najeriya masu kamfanoni a tsibiran ɓoye dukiya. Mallakar irin wannan kamfani shi kaɗai ba laifi ba ne, na sani. Amma ai dalili ne na a tambayi mutum: ina ka samu, ka bayyana, ka biya? Muka yi surutu mako biyu, aka wuce wurin.

16/ Kamfanoni kuwa nasu salon daban. A 2021 FIRS ta ce tana bin MultiChoice, masu DStv, naira tiriliyan 1.8. Kamfanin ya musanta. Aka yi ta kai ruwa rana. A Fabrairun 2024 aka sasanta a kan naira biliyan 35.4. Wajen kashi 2 cikin 100 na abin da aka fara faɗa ke nan.

17/ Ɗayan biyu ne. Ko dai hukuma ta zuƙa adadin tun farko don ta tsorata kamfani, ko kuma ta yafe dukiyar jama'a mai yawan gaske a cikin ɗaki. Duk wanda ya tabbata a ciki abin tsoro ne. In za a iya zuƙa wa mai manyan lauyoyi, ina ga kai da ba ka da kowa sai Allah?

18/ A 2018 Abubakar Malami, yana ministan shari'a, ya nemi MTN ta biya dala biliyan 2 na harajin baya. A Janairun 2020 ya janye, ya miƙa maganar ga FIRS da Kwastam. Kun ga tsarin ai: a yi tsawa a jarida, kasuwa ta girgiza, sannan a zauna a sha shayi.

19/ Tela ba ta da teburin shan shayi. Mai shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari ba ya sasantawa a kan kashi 2. Kwaɗo ake sa wa ƙofarsa, a liƙa jar takarda, jama'a su wuce suna kallo. Mai Keke Napep kuwa ko fom ba a tambayarsa, tikiti ne a bakin titi, kullum, ko ya yi ciniki ko bai yi ba.

20/ Ma'aikacin albashi shi ne ya fi kowa biyayya, don ba a ma ba shi zaɓi ba. Tun kafin alat ya shigo an cire. Malamin firamare bai taɓa ɓoye ko kwabo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

21/ Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda ke cire harajin daga albashin ma'aikaci sannan ya riƙe a aljihunsa. Wannan ai sata biyu ce a lokaci ɗaya: ya cuci ma'aikaci, ya cuci baitulmali. Kuma ba kamfanoni kaɗai ba, rahotannin babban mai binciken kuɗi na tarayya sun sha kama ma'aikatun gwamnati da rashin miƙa abin da suka cire. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

22/ Babban mutum ma sau da yawa ba ya buƙatar karya doka, an gina masa ƙofa a cikinta. An daɗe ana ba manyan kamfanoni hutun haraji na shekara 3 zuwa 5. A 2019 Buhari ya sa hannu a umarnin da ya ba kamfani damar gina titi a cire kuɗin daga harajinsa. Halal ne a doka. Amma a nuna min irin wannan ƙofar da aka yi wa mai sayar da data.

23/ Bari mu leƙa waje, tunda yawancinku 'yan ƙwallo ne. Messi: a 2016 kotu a Barcelona ta yanke masa ɗaurin wata 21 a kan harajin wajen yuro miliyan 4 na kuɗin tallace-tallace, daga baya aka mayar da ɗaurin tara. Ronaldo: a Janairun 2019 ya tsaya gaban kotu a Madrid, ya amince da biyan yuro miliyan 18.8.

24/ Uli Hoeness fa? Shugaban Bayern Munich ne sukutum, mutumin da manyan Jamus ke zama da shi. A Maris 2014 kotu ta same shi da ɓoye harajin yuro miliyan 28.5. Shekara 3 da rabi. Ya ajiye muƙami, ya shiga gidan yari da ƙafarsa. Ba a ce "a duba girmansa" ba, ba a tura tawagar dattawa ba.

25/ A Amurka, Al Capone, ƙasurgumin ɗan daba na Chicago, an kasa kama shi da kisa, haraji ne ya kayar da shi a 1931, shekara 11. Wesley Snipes, jarumin fim, an yanke masa shekara 3 a 2008 saboda ƙin cike fom da gangan. A lura: cike fom.

26/ Ba wai waɗannan ƙasashen mala'iku ba ne, su ma masu kuɗinsu na da dabarun zillewa. Amma ɗan ƙaramin ma'aikaci a Munich ya taɓa ganin an rufe shugaban Bayern. In aka ce masa ya biya, ya san bulalar na da tsawon da za ta kai sama. Mu me muka taɓa gani?

27/ Mu a Arewa wannan maganar tana da tsohon tabo. Ku tambayi kakanninku haraji da jangali. Yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci don ya kasa biya, yadda mutum ke barin garinsu cikin dare, yadda ake ƙirga wa Bafulatani shanu. A kan wannan NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi gwagwarmaya.

28/ Shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka hau mulki a 1979 ƙarƙashin PRP, cikin abin da suka fara yi har da soke haraji da jangali. Abin da mutane suka tsana a wancan harajin shi ne kai ake ƙirgawa: adadi kusan ɗaya ga mai shi da marar shi, hukunci kuma a jikin talaka. Taran ₦100,000 ga kowa ƙamshin wancan yake yi.

29/ Yanzu na juyo kanmu, don mu ma ba za mu tsira ba. Masu cewa "ni wallahi ba zan biya ko sisi ba, me gwamnati ta yi min?" Fushinku na kan hanya: babu wuta, babu tsaro, asibiti sai ka sayi safar hannu. Amma in ka ƙi cike fom, ba gwamna ka hukunta ba. Kanka ka ɗaura wa bashi mai ƙaruwa kowane wata.

30/ Kuma ka sani, wannan hujjar ita ce dai mai tireloli ɗari ke fakewa da ita. Duk sanda muka mayar da ƙin biyan haraji jarumta, shi muke yi wa aiki kyauta. Shi yana da akanta da lauya da lambar wayar kwamishina. Ranar da za a zo kame, kai za a samu a shago.

31/ Sai masu yaɗa ƙarya a WhatsApp: wai duk kuɗin da ya shigo asusunka za a yanke kashi kaza. Ba haka ba ne. Haraji a kan abin da ka samu yake, albashi ko riba. Kyauta ba kuɗin shiga ba ce, bashi ma haka, kuɗin da yayanka ya turo a kai wa Mama ma haka. ₦50 da ake cira a turawar ₦10,000 zuwa sama wani abu ne daban.

32/ Kar kuma wani ya ruɗe ka da cewa in ka rubuta "kyauta" a bayanin turansifa shi ke nan ka tsira. In ciniki ne, ciniki ne, ko me ka rubuta. Kai ma da hannunka ka ajiye shaidar cewa da gangan ka yi, ka fitar da kanka daga layin tara ka shiga layin kotu. Wannan wayon ba riba.

33/ Masu karɓar dala: aikin intanet, YouTube, TikTok, Facebook, kirifto. In a Najeriya kake zaune, dokar ta shafi abin da ka samu ko daga ina ya fito, har ribar kadarorin dijital. NIN ɗinka yanzu ita ce lambar harajinka, BVN kuma ta riga ta ɗaure asusunka wuri guda. Ku ne kuka fi kowa sauƙin gani, don komai naku a rubuce yake.

34/ Wannan ne ma tsorona. Hukuma na da adadin da aka ce ta tara a shekara. Bin attajiri na cin shekaru a kotu, ga kiran waya daga sama. Bin ɗan shekara 24 mai zanen tambari a kwamfuta kuwa danna maɓalli ne. In ba mu yi magana yanzu ba, kun san inda ruwa zai gangara.

35/ To me za ka yi? Ka ware asusun sana'a daban da na gida. Ka sayi littafi ko ka buɗe shafi a waya: me ya shigo, me ka kashe a kan sana'ar, ka ajiye rasit. Ribar ake yi wa haraji, amma in ba ka da lissafi, jami'i ne zai ƙiyasta maka, kuma ba zai ƙiyasta don ya faranta maka ba.

36/ Harajin mutum ɗaya hukumar jiharsa yake zuwa, KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna, haka sauran. Wa'adin cike fom na shekara 31 ga Maris ne. Kar ka ba kowa kuɗi a hannu ba rasit na hukuma. In an aiko maka da adadin da ba ka yarda da shi ba, kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi. Kar ka jefa takardar a ƙarƙashin katifa.

37/ In ba a saurare ka ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, tana zama a Kaduna da Bauchi da Jos da Abuja. Sabuwar dokar ta kuma kafa ofishin karɓar koken masu biyan haraji. Mu cika shi da koke a rubuce tun yanzu, mu ga ko na aiki ne ko na ado.

38/ Ga abin da nake nema, kuma ina so mu nema tare. Ɗaya: a gyara taran nan ya bi girman harajin da ake bin mutum, kar tara ta taɓa fin asalin bashin. Biyu: wanda ya makara karon farko, kuma ƙaramin mai sana'a ne, gargaɗi a rubuce ya ishe shi.

39/ Uku: duk sulhun da aka yi da babban kamfani ko attajiri a wallafa shi, nawa aka nema, nawa aka karɓa, me ya sa, wa ya sa hannu. Huɗu: duk mai neman kujera, daga kansila har shugaban ƙasa, ya buga harajin da ya biya na shekara 3 a fili. A Norway ana iya duba harajin kowa, ƙasar ba ta rushe ba.

40/ Biyar: a fassara fom da bayanin hukunci zuwa Hausa da sauran harsuna, a karanta a rediyo, a kai kasuwanni. Ba daidai ba ne ka hukunta mutum da Turancin lauyoyi alhali ko sau ɗaya ba ka yi masa bayani ba. Shida: shari'ar farko da za a yi a ƙarƙashin dokar nan ta zama ta wanda duk ƙasa ta san sunansa.

41/ Ga Zacch Adedeji na NRS da shugabannin hukumomin jihohi: ranar da 'yan Najeriya suka ga mai jirgin sama a akwatin tsayuwar masu laifi saboda haraji, ba sai kun kashe kuɗin talla ba, layi za ku gani a ofisoshinku. In kuwa da masu shago kuka fara, sunan hukuma kawai kuka canza.

42/ Ku kuma 'yan'uwa, ku cike fom ɗinku, ku adana rasit, don mai rasit a hannu shi ke da bakin tambayar ina kuɗin suka shiga. Sannan ku tura wa ɗan majalisarku wannan zaren, ku tambaye shi abu biyu: ya karanta sashen taran nan kafin ya ce "na amince"? Shi kuma nawa ya biya bara?

Tambayata ta 14 na nan. Har yanzu ina jiran suna ɗaya. A yaɗa. 🧵🔚